Inshorar Lafiya ta 'Yan Kasuwa: A Duba Geji Kafin a Duba Farashi

Yayana ma'aikaci ne a wani kamfani mai zaman kansa a Kano, kuma cikin abubuwan da yake tutiya da su game da aikin nasa har da katin inshorar lafiya da aka ba shi, shi da matarsa da 'ya'yansa. Shekara uku katin yana yi masa rana. Yaro ya kwana da zazzaɓi, da safe a kai shi asibiti, a gwada jini, a ba da magani, a dawo gida ba a taɓa aljihu ba. Har yakan yi mana gori, mu masu bin layi a asibitin gwamnati ko tsayawa wurin mai kemis. A shekara ta huɗu sai naƙuda ta kama matarsa tana da cikin wata bakwai, jininta ya hau, likita ya ce sai an yi mata aiki a daren. Mun fi awa biyu a barandar asibiti ana buga waya, ana jiran kamfanin inshora ya turo lambar amincewa. Da lambar ta iso, ta taho da bayanin da babu wanda ya taɓa ji a cikinmu: kamfani zai biya kuɗin aikin zuwa wani adadi ne kawai, jaririn da aka sa a kwalba kuwa 'yan kwanaki ne rabonsa. Bakwainin nan sai da ya yi mako uku a kwalba. Abin da ya cike giɓin shi ne kwasar adashen mahaifiyarmu, da wani sa da aka sayar a ƙauye, da gudummawar da abokan karatun yayan nawa suka tara masa.

Uwa da ɗa suna nan ƙalau, alhamdu lillahi, kuma ban kawo labarin don in yi ƙarar kowa ba. Daga baya na karɓi takardar yarjejeniyar na karanta ta daga farko har ƙarshe, na iske kamfanin bai ƙetare ko layi ɗaya daga abin da ya rubuta ba. Wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali. Da ha'inci aka yi mana, da sai a ce ɓaragurbi ne aka samu guda ɗaya. To amma ba ha'inci ba ne, haka hajar take. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, mafi yawan inshorar lafiyar da 'yan kasuwa ke sayar wa mai matsakaicin ƙarfi a Nijeriya an kifa ta ne: tana ɗaukar nauyin ƙananan cututtukan da magidanci zai iya biya da kansa, sannan ta zame jiki a ranar babban ciwo, ranar da domin ita aka ƙirƙiri inshora tun asali. Saboda haka duk mai son sanin tsadarta ko araharta, kada ya fara da tambayar nawa ne zubin shekara. Ya tambayi inda gejin yake, wato adadin da idan an kai shi kamfani zai naɗe hannu.

Bari mu yi ɗan lissafi na misali, don a ga inda gizo ke saƙar. Mu ƙaddara mutum 1,000 sun haɗu, kowa ya zuba naira 20,000 a shekara. An tara miliyan 20 ke nan. A cikin shekarar mutum goma suka gamu da babbar lalura, haɗarin mota ko tiyata ko doguwar jinya, kowannensu na bukatar miliyan biyu. Asusun ya ishe su cif. Sauran mutum 990 ba su karɓi ko kwabo ba, amma ba su yi asara ba, domin kowannensu ya kwana shekara guda da sanin cewa in da shi abin ya faɗa wa, ba sai ya sayar da gona ba. Wannan kwanciyar hankalin ita ce hajar. Yanzu mu sauya tsarin, mu ce asusun zai riƙa biyan maganin zazzaɓin cizon sauro da mura da ciwon ciki na kowa da kowa, kuma kowane mutum ya ci naira 15,000 a shekara. Miliyan 15 ta tafi. Cikin miliyan biyar da ta rage kamfani zai biya ma'aikatansa da hayar ofis da ladan dillalai, ya kuma fitar da riba. Me ya rage wa mutum goman nan? Dole a yanka musu geji. Wanda ya shiga irin wannan tsari ba kariya ya saya ba, kuɗin maganinsa na shekara ya biya tun kafin ciwo ya zo, ya kuma ɗora wa kansa ladan ɗan tsakiya.

Adalci ne a faɗa cewa mu masu saye muna da hannu a wannan kifawar. Ɗan Nijeriya, Bahaushe ne ko waninsa, ba ya son ya zuba kuɗi shekara ta zagayo bai ga abin da ya ci ba. Mun saba da adashe, inda kowa ke da ranar kwasa. Idan aka ce wa mutum ga tsarin da ba zai biya maka maganin zazzaɓi ba, amma in ciwon daji ya kama ka zai tsaya maka har ƙarshe, sai ya ce ana yi masa fatan tsiya. Kamfanoni sun karanci wannan hali sarai, shi ya sa tallarsu ke cike da gilashin ido da wankin haƙori, wasu har da kuɗin shiga gidan motsa jiki, alhali maganar geji tana can shafi na bakwai da ƙananan haruffa.

Akwai kuma dalilin da ya fi halinmu zurfi, wanda masana tattalin arziki suka daɗe da ganowa. Tun a shekarar 1963 Kenneth Arrow ya yi bayanin cewa kasuwar kiwon lafiya ba kamar kasuwar hatsi ba ce, domin ɓangarorin cinikin ba su da sani iri ɗaya. Mai sayen inshora ya fi kamfani sanin abin da ke jikinsa. Idan shiga ganin dama ce, waɗanda za su fi rububin shiga su ne masu ciki da masu tsohon ciwo da waɗanda likita ya riga ya ce sai an yi musu aiki, matasa masu jini a jika kuwa su yi zamansu. Asusun sai ya cika da masu ɗiba, masu zubi su yi ƙaranci, farashi ya tashi, sauran masu lafiyar da suka rage su fice, farashi ya ƙara tashi. Garkuwar kamfani daga wannan ita ce sharuɗɗan nan da muke jin haushinsu: wa'adin jira na watanni, sau da yawa har kusan shekara, kafin a ɗauki nauyin haihuwa ko tiyata; ware ciwon da mutum ya shigo da shi; da rufe ƙofa ga wanda ya haura shekara 60 ko 65 sai dai a wani tsari dabam mai tsada. Wannan ne kuma ya sa katin da kamfani ya yankar wa ma'aikatansa a dunƙule ya fi wanda mutum ya je ya saya shi kaɗai sauƙin farashi da sassaucin sharaɗi, domin a rukunin ma'aikata an haɗa mai lafiya da mara lafiya ba tare da wani ya zaɓi kansa ba. Ma'ana, inshorar 'yan kasuwa ta fi yi wa mai albashi kyau, shi kuwa mai albashi shi ne ya fi kowa dama-dama tun farko. Manomi da ɗan tireda da mai ɗinki da direban a-daidaita-sahu, waɗanda ciwon mako biyu ke tsayar musu da cefane, su ne ake sayar wa tsarin da ya fi tsauri.

Idan aka ɗaga kai aka dubi ƙasar baki ɗaya, za a ga yadda rumfar take da ƙanƙanta. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da dokar 1999, amma bai fara aiki ba sai a 2005 zamanin Shugaba Obasanjo, kuma ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka fi cin moriyarsa. Binciken al'umma da lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kacal na maza da mata 'yan shekara 15 zuwa 49 ke da kowace irin inshorar lafiya. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Duk da haka alƙaluman hukumar na baya-bayan nan suna zagaye ne a wajen mutum miliyan 20, a ƙasar da ta haura miliyan 200. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata da 'yan uwansu yake fitowa kai tsaye. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma kasafin Gwamnatin Tarayya ya fi yawan tsayawa a kusa da kashi 5. A cikin wannan fili ne kamfanoni irin su Hygeia da AXA Mansard da Avon da Reliance ke kasuwancinsu, kuma ƙaramin asusu, komai kyawun niyyar mai riƙe da shi, ba ya iya ɗaukar babban nauyi.

Sai kuma abin da ya faru da naira. Daga watan Yunin 2023 da aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a cikin 2024. Galibin magungunanmu da kayan aikin asibiti daga waje ake shigo da su, waɗanda ake haɗawa a gida ma sinadarinsu na waje ne. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Nijeriya, kuma masu ciwon asma ba za su manta yadda farashin abin shaƙarsu ya yi tashin gwauron zabo ba. Matsalar ita ce zubin inshora sau ɗaya ake yanke shi a shekara, farashin magani kuwa kusan kowane wata yake motsawa. Gejin da aka rubuta a Janairu, kafin Disamba ya zaizaye ko da adadinsa bai canza ba. Asibitoci su ma suna da kukansu. A tsarin gwamnati, inda kamfanonin nan suka daɗe suna zaman 'yan tsakiya, kuɗin da ake ba asibiti duk wata a kan kowane mai kati ya tsaya a naira 750 tun daga 2012 har zuwa 2024, kafin a ɗaga shi ya kai 1,450 a 2025. A tsarin 'yan kasuwa zalla kuma kukan shi ne ƙarancin farashin da aka daddale da jinkirin biya. Asibitin da aka matse ta nan, ta ina zai huce? Kan mai kati. Daga nan ne ake samun layi biyu, na mai kuɗi a hannu da na mai kati. Daga nan ne ake jin "wannan maganin babu shi, sai dai ka saya a waje". Wannan tsada ce da ba a rubuta ta a takarda, kamar yadda ba a rubuta kuɗin motar wanda ke zaune a Malumfashi ko Birnin Kudu alhali asibitocin da ke jerin kamfaninsa sun taru a Legas da Abuja da manyan biranen jihohi.

Wani gejin kuma ba na kuɗi ba ne, na ma'anar kalmar "iyali" ne, kuma a nan ne lamarin ya fi shafar ƙasar Hausa. Tsarin ma'aikata na NHIS ya fassara iyali da ma'aikaci da abokin aure ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma mafi yawan tsare-tsaren 'yan kasuwa wannan ma'aunin suka ara. Binciken 2018 da na ambata ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma matsakaicin haihuwar mace ya haura shida. Ban da wannan, gidan Bahaushe ya ƙunshi ɗan riƙo da ƙanen miji da tsohuwa a ɗakin ƙofa. Ka ɗauki magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara, a miƙa masa fom mai gurbin mace ɗaya da yara huɗu. Wace zai rubuta? 'Ya'yan wane ɗaki? Mutumin da addini da al'ada suka ɗora wa adalci tsakanin matansa, fom ya tilasta masa zaɓe. Na san gidan da wannan fom ya haddasa gaba ta watanni. Ana iya ƙara sauran da ƙarin kuɗi, haka ne, amma da an lissafa su duka sai farashin da aka gani a talla ya ninka. Wasu sukan ɓuge da kai yaron da ba a rubuta ba da sunan wanda aka rubuta, abin da yake ha'inci ne, yake kuma da haɗari, domin tarihin jinyar yara biyu ya cakuɗe a fayil ɗaya. Iyaye tsofaffi kuwa, waɗanda hawan jini da ciwon sukari suka fi kamawa, kuma waɗanda jinyarsu ce ta fi karya 'ya'ya, su ne aka fi rufe wa ƙofa.

A gwada gejin da cututtuka biyu da muka sani a gidajenmu. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 a shekara. Mai sikila da ciwonsa aka haife shi, saboda haka duk ranar da ya je sayen kati, ciwon ya riga katin zuwa. Sai ciwon ƙoda, wanda mutanen Gashuwa da sauran garuruwan da ke bakin kogin Yobe suka daɗe suna kuka da shi. Mai wankin ƙoda yana bukatarsa sau biyu ko uku a mako. A kan naira 50,000 kowane wanki, sau biyu a mako ya haura naira miliyan biyar a shekara. Ko da rangwamen da Gwamnatin Tarayya ta sanar a wasu asibitocinta, wanda ya mayar da wankin naira 12,000, abin ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, alhali mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai wuce 840,000 ba a shekara. Tsare-tsaren 'yan kasuwa masu araha, in ma sun ambaci wankin ƙoda, 'yan lokuta ƙidayayyu suke biya.

Mai karatu zai iya cewa, to ke nan a watsar da ita, a koma wa dangi, tun da su ne suka fitar da yayanka kunya. Ban yarda ba, kuma a nan nake rabuwa da wasu abokaina da ke kallon zumunci a matsayin maganin kowace cuta. Gaskiya ne gudummawa da adashe da zakka da kiwon tumaki a bayan gida duk hanyoyi ne na raba nauyi, kuma sun girmi kowane kamfani. Amma asusun dangi ƙarami ne, kuma talaucinsu iri ɗaya ne: shekarar da damina ta ƙi, kowa ta ƙi masa. Yana kuma bin fuska. Yayana ya samu gudummawa ne domin yana da abokan karatu masu albashi. Bazawarar da ke ƙarshen layinmu ba ta da su. Sannan yana da tasa tsadar da ba ma son faɗa. Adashen mahaifiyarmu na jarin sana'arta ne, san da aka sayar kuma na huɗa ne. Mata nawa ne suka sayar da kayan ɗaki saboda jinya, yara nawa aka cire daga makaranta? Duk mai sauraron gidajen rediyon Kano ko mai leƙa Facebook ya san sanarwar neman taimako, a ɗora hoton majinyaci a kan gado da lambar asusun banki a ƙasa. Mutum ya tona asirin jikinsa ga duniya kafin a yi masa aiki, wannan ma farashi ne, kuma Bahaushe da ya ɗauki rufin asiri da daraja ya san nauyinsa.

Amfanin inshora na haƙiƙa yana nan, kuma an auna shi. A 2008 jihar Oregon ta Amurka ta raba guraben inshorar gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi ta hanyar ƙuri'a, abin da ya ba masu bincike damar kwatanta waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba. Bayan kimanin shekara biyu ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba a awon hawan jini da na sukari, amma an ga raguwar bashin asibiti, an ga kusan ɓacewar irin kashe kuɗin da ke durƙusar da gida, an kuma ga raguwar ciwon damuwa. Wato babban abin da inshora ta kare shi ne dukiya da hankali. A nan gida, shirin da aka fara a karkarar jihar Kwara a 2007, da haɗin gwiwar gwamnatin jihar da gidauniyar PharmAccess ta ƙasar Holan da kamfanin Hygeia, ya nuna cewa manoma za su shiga inshora su kuma riƙa zuwa asibiti. Sai dai ɗan ƙaramin kaso ne manomin ke biya, tallafi ne ke ɗauke da sauran, kuma da tallafin ya yi rauni shirin bai ɗore a siffarsa ta farko ba. Darasin a wurina a fili yake: ɗan kasuwa na iya gudanar da asusu, amma ba shi ne zai cika shi domin talaka ba. Ghana ta fahimci haka tun a 2003, ta ɗora shirinta a kan harajin kashi 2.5 cikin 100 na kayan saye, shi ya sa Bahaushen zango a Kumasi ke riƙe da katin da ɗan uwansa na Kano ba shi da irinsa, duk da cewa su ma asibitocinsu na kukan jinkirin biya.

Ba za a yi wannan magana a ƙasar Hausa a tsallake hukuncin addini ba. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda yawan *gharar* da ke cikinta, wato jahiltar abin da aka ƙulla ciniki a kansa, ta kuma halatta wadda aka gina bisa taimakon juna da kyauta. Kafin nan, a 1979, an riga an kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan. A Nijeriya hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, daga baya kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka samu lasisi. Da yawa daga cikin jihohin Arewa da suka kafa nasu hukumomin sun kauce wa kalmar inshora, Kano ta kira tata Hukumar Taimakekeniyar Lafiya bisa dokar 2016. Fatawa ta malamai ce, ni ba nawa ba ne in sa baki. Abin da nake so in jawo hankali gare shi, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne sauya suna ba ya ɗage geji. "Taimakekeniya" kalma ce mai daɗi, tana ɗauke da ƙamshin aikin gayya da zaman tare, kuma daidai wannan daɗin ne ke iya sa mutum ya sa hannu bai tambayi iyakar taimakon ba. Kunnen Bahaushe yana jin amon "garari" a cikin *gharar*, kuma ga wanda ya tsaya a barandar asibiti da tsakar dare, gararin ba rashin sanin ranar ciwo ba ne, wannan kowa ya bar wa Allah. Gararin shi ne rashin sanin abin da ka saya. Wannan jahilcin kuwa ana iya kawar da shi, ko a takaful ko a waninsa.

Idan ɗan uwa ya tambaye ni shawara a yau, zan ce masa in wurin aikinsa ne ya ba shi kati ya karɓa, amma ya nemi takardar ya karanta tun yana da lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa da kuɗinsa zai saya, ya fara bincikar tsarin jiharsa ko na tarayya, waɗanda galibi sun fi sauƙi kuma akwai hannun hukuma a ciki. In ya nace sai na 'yan kasuwa, ya ajiye maganar gilashin ido, ya tambayi abu huɗu: nawa ne gejin kwanciya da tiyata, wata nawa ne wa'adin jira, wane ciwo aka ware, kuma wane asibiti ne a garinsa zai karɓi katin da ƙarfe biyun dare. Idan gejin tiyata bai kai kuɗin aikin haihuwa ɗaya a asibitin da aka rubuta masa ba, gara ya zuba kuɗin nan a asusun ajiya. Ga hukuma kuwa, abin da nake ganin ya fi gaggawa shi ne ta hana a kira wani tsari inshora matuƙar gejinsa na babbar jinya bai kai wani mizani ba, ta kuma sa a riƙa sabunta mizanin da tashin farashi.

Saura namu, mu na sassan nazarin Hausa. Takardar da na karɓa daga hannun yayana shafuka ne masu yawa na Ingilishin lauyoyi. Yayana ya yi digiri, bai fahimce ta ba. Ni da na yi digiri na biyu sai da na nemi wata ma'aikaciyar jinya ta warware mini wasu sassan. Doka ta wajabta wa ɗan ƙasa shiga yarjejeniya, amma yarjejeniyar na zuwa masa da harshen da miliyoyi ba sa karantawa. Abin da ke isa kunnen Bahaushe da Hausa shi ne talla, a rediyo da bakin dillali, ita kuwa talla daɗin hajar take faɗa. Mun yi aikin ƙirƙirar kalmomin kimiyya da na siyasa da na shari'a, an fassara tsarin mulkin ƙasa, amma kalmomin wannan fage har yanzu kowa da irin tasa. A wannan maƙala kaɗai na yi amfani da "zubi" da "geji" da "wa'adin jira", kuma ina sane da cewa "zubi" na jawo tunanin adashe, wanda ke sa mutum tsammanin ranar kwasa, abin da inshora ba ta yi masa alƙawari ba. Irin wannan muhawara ce ya kamata mu yi a tsakaninmu, tare da likitoci da malaman fiƙihu da ma'aikatan hukumomin jihohi, har a daddale. Daga nan sai a nemi NHIA da hukumomin jihohi su wajabta wa kowane kamfani shafi guda da Hausa, a boko da ajami, mai ɗauke da geji da wa'adin jira da jerin abin da ba a biya, a karanta wa mai saye shi kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Na gwada fassara sashen haihuwa na takardar yayana don in ga ko abin zai yiwu. Bai cika rabin shafi ba, kuma da na karanta wa matarsa, tambayarta ta farko ita ce me ya sa kwanakin kwalba ba su kai ko mako ɗaya ba.